Takardar da ke aljihun Malam Wada

"Me ya ce? Dawuda, me ya ce?"

Mutum goma sha ɗaya suka tambaya a tare, a ɗakin da ko mutum biyar bai kamata su zauna ba. Fankar shagon wasan bidiyo na Yvette na juya zafin Garoua daga wannan kusurwa zuwa waccan. Brahim na riƙe da manet, abin da ake latsawa a tafiyar da wasan, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ya ce a bi ta gada, yaron na tsallaken kogi," in ji Dawuda.

Haka suke yi mako uku ke nan. Mahautan unguwar Roumdé Adjia kan tashi daga aiki, su yi sallar la'asar, su taru a nan. Brahim ke bugawa, Dawuda ke fassara, domin Faransancin wasan ba irin na kasuwa ba ne, kuma duk cikinsu shi kaɗai ya yi jami'a. Digirin bai ba shi aiki ba, sai dai ya mai da shi mai karanta wa unguwa takardu. Wasan labarin wani uba ne da ke neman ɗansa a ƙasar da yaƙi ya cinye, wata murya a rediyo tana nuna masa hanya. Mahautan sun ƙaunaci muryar nan, har suka raɗa mata suna Aboki.

A bakin ƙofa, kan benci, Malam Wada ke zaune. Dattijo ne, tsohon mahauci, kuma da farko ya zo ne don ya kori samarin su koma gida. Da ya ji abin da wasan ya ƙunsa sai ya zauna, bai sake fashi ba. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa. Shekara biyu ke nan da ɗansa Hamadu ya tafi sayen shanu wajen garin Kaélé, 'yan fashi suka tare motarsu, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Abin da ba wanda ya sani sai Dawuda shi ne, an ji. Wata guda bayan abin, takarda ta zo daga hukuma, Malam Wada ya kawo wa Dawuda ya karanta masa. Ta ce Hamadu ya rasu a wani asibiti da raunin harsashi, an kuma binne shi a can. A lokacin Iyatu, uwar Hamadu, tana kwance ba a san za ta tashi ba. Dawuda ya dubi takardar, ya dubi dattijon, ya yi tari, ya ce, "Sun ce ana ci gaba da bincike, Baba." Niyyarsa ya faɗi gaskiya idan Iyatu ta warke. Ta warke, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Tun daga nan Malam Wada kan hau mota zuwa Guider da Kaélé da hoton ɗansa, kuma duk Juma'a yana kawo wa Dawuda hanta a naɗe cikin takarda don godiya. Dawuda na karɓa, yana kuma ci. Wannan ne abin da ya fi ba shi ƙyamar kansa.

Yau Juma'a ce, kuma yau wasan zai ƙare.

Brahim ya tsallake gadar, ya harbe masu gadi uku, ya shiga wani gida. Uban da ke cikin allon ya tura ƙofa. Babu yaro a ciki, sai gado babu katifa da takalmi ƙafa ɗaya. Daga nan muryar rediyon ta fara magana a hankali, rubutu na bi ta ƙasa.

Dawuda ya karanta.

"To? Yi magana mana!" Brahim ya zungure shi da gwiwar hannu.

Dawuda ya yi tari. "Ya ce... an ɗauke yaron zuwa wani gari. Za a ci gaba da nema."

"Kai, Dawuda," in ji Yvette daga bayan teburinta, ba ta ko ajiye lissafin da take dubawa a waya ba. Hausarta a karye take, amma ta isa. "Ba haka ya ce ba. Ya ce yaron ya mutu tun ranar farko. Ya ce shi ya sani, ya ɓoye, wai don kar uban ya karaya."

Ɗakin ya fashe.

"Aboki? Aboki ne ya yi haka?" Brahim ya jefar da manet kan tabarma. "Mako uku ina kashe mutane saboda gawa? Se pa posibul, ba zai yiwu ba!"

"Ɗan banza! Munafuki!"

"Wallahi in na kama shi, sai na feɗe shi kamar akuya!"

Wani mai suna Uba ya ce ai tausayi ne ya sa, da ya faɗa tun farko uban zai iya kashe kansa. Aka taso masa. Wane irin tausayi ne wannan, ka bar mutum yana yawo a daji da ƙafafu a kumbure? Wani ya ce Turawan da suka ƙera wasan ba su da imani. Wani ya ce a mayar masa da mako ukunsa. Har da mai share ido da hula yana cewa hayaƙin masu gasa nama ne ya shigo.

Dawuda na jin kowane zagi na sauka a kansa, ɗaya bayan ɗaya, kuma bai ga wanda zai musa ba.

Malam Wada ya miƙe. Da yake dattijo ne, hayaniyar ta lafa da kanta.

"Dawuda," ya ce, muryarsa ba ta tashi ba. "Me ya sa ka juya maganar?"

"Baba, na ga kamar... kana zaune a nan. Ban so ranka ya ɓaci ba."

"Ba ka so raina ya ɓaci ba." Dattijon ya jinjina kai. "Ka yi tari kafin ka faɗa. Ranar da ka karanta mini takardar nan ma ka yi tari."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da leda. A cikinta akwai hoton Hamadu da takardar nan, ninkinta ya yi baƙi saboda yawan buɗewa. Shekara biyu yana nuna hoton a tashoshin mota, amma bai taɓa ba wani takardar ya karanta ba. Me zai sa? Ɗan unguwarsu ne ya karanta masa, wanda suka yi makarantar allo ɗaya da Hamadu.

Ya miƙa wa Yvette. Ta karɓa, idonta ya bi layi na farko da na biyu, sai ta ɗago ta dubi Dawuda. Ta buɗe baki.

"A'a, 'yata," in ji Malam Wada. "Fuskarki ta isa. Miƙa wa Dawuda. Shi ne mai fassararmu."

Dawuda ya karɓa. Bai bukaci dubawa ba, ya haddace ta tun tuni. Ya faɗi ranar, ya faɗi harsashin, ya faɗi cewa an yi masa sutura an binne shi da yamma. A karon farko cikin mako uku ya yi fassara ba wanda ya katse shi. Samarin da suka gama rantsuwar feɗe Aboki suka sunkuyar da kai, ba wanda ya iya kallon kowa.

Malam Wada ya karanta innalillahi sau uku. Sannan leɓunansa suka ci gaba da motsi, yana ƙirga wani abu da yatsu.

"Ranar sadakar arba'in ɗinsa ina tashar Guider, ina nuna wa direbobi hoto," ya ce. "Ban yi masa salla ba. Matarsa Fati na zaune a gidana tana jira, takabarta ta zo ta wuce ba ta sani ba. Mutum biyu sun zo nemanta, na kore su da zagi, na ce mijinta na raye."

"Baba, ka yafe mini. Inna ba ta da lafiya a lokacin, na ji tsoro..."

"Ta warke kafin damina."

Allon ya yi baƙi, sunayen waɗanda suka ƙera wasan na hawa sama a jere, ba mai kallo.

Dattijon ya koma bencin ya ɗauko ƙullin hantar, jini ya ɗan ɓullo ta jikin takardar. Ya sa wa Dawuda a hannu ya danne yatsunsa a kai.

"Na riga na yanka da sunanka," ya ce. "Riƙe. Tashi mu je gida."

"Gida, Baba?"

"Uwarsa da matarsa ba sa jin Faransanci."

Ya sa takalminsa ya fita cikin rana. Dawuda ya bi bayansa, takarda a hannun dama, hanta a hannun hagu.