Katunan da Na Wanke

Ɗana Zakariyya ya rasu a farkon damina, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Shekararsa talatin da ɗaya. Shi ne ɗan farina, don haka ban saba zama da shi ina tambayarsa harkokinsa ba. Abin da na sani, ya yi karatun lakol a Maraɗi, ya ƙara a Yamai, ya dawo gida Gazawa ya ɗora farantin hasken rana a kan ɗakinsa, ya shige ciki da kwamfuta biyu da ya cire wa murfi. Daga nan yake aiki da mutanen da ban taɓa gani ba.

Sau ɗaya ya gwada yi mini bayani. Na kai masa fura, sai ya ɗago wani ɗan faifai kore, tsawonsa kamar tafin hannu, da ƙananan ƙarafuna a jikinsa.

"Inna, wannan katin rezo ne. Ta cikinsa saƙo ke shiga manyan kwamfutoci ya fita, dubbai kafin ki ƙifta ido. Amma kati da kwamfuta ba sa jin yaren juna. Ni nake rubuta abin da ke yi musu tafinta, in ya samu matsala kuma ni nake gyarawa."

Na ce Allah ya taimaka, ya sha furar kafin ta yi tsami. Na fita.

Bayan sadakar bakwai muka shiga ɗakinsa ni da ƙanwata Dija. A gidanmu kayan mamaci sai an wanke su kafin a raba ko a ajiye. Muka wanke riguna, da tabarma, da buta, da kwanon abincinsa. A kan teburi akwai katuna biyu irin wanda ya nuna mini, ƙura ta hau su, har da yanar gizo a saƙo-saƙon ƙarafunan.

Dija ta ce, "Yaya, wannan tarkacen fa? Mai gwangwani zai yi murna."

Na ce ta bar su. Ina jin kamar in baƙi suka zo suka ga kayan aikin ɗana da datti, za su ce ba shi da uwa. Na zuba ruwan rijiya a roba, na kaɗa sabulu, na sa tsohon burushin haƙori na bi kowane lungu. Na ɗauraye su, na shanya a kan faifai, da la'asar na mayar da su inda suke. Sun yi kyau ƙwarai. Har na tsaya ina kallonsu.

Kwana biyar bayan haka wata mata ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gida, da jaka a baya. Sunanta Farida, ƴar Maraɗi ce mai aiki a Yamai, abokiyar aikin Zakariyya. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, ta yi kuka, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ta ce katunan nan biyu sababbi ne, ba su fita kasuwa ba, masu ƙera su ne suka aiko masa don ya rubuta musu tafinta. Akwai wata cuta da ke sa katin ya sandare in saƙo ya yi masa yawa. Wata uku yana bin ta. A makon da ya kwanta ya gama rubuta gyaran, ya aika wa abokan aikinsa su duba, amma bai samu ya gwada shi a kan katin ba.

"Ni zan gwada, Inna. In ya yi, za a saka shi a cikin babbar manhajar da ake kira zuciyar kwamfuta, da sunansa a kai. Aikinsa na ƙarshe ke nan."

Na buɗe mata ɗakin. Ta soka kati ɗaya a cikin kwamfutar, ta kunna, ta ɗora gyaran Zakariyya. Rubutu ya yi ta gudu a allo, can sai ya tsaya. Na ji wani ɗan ƙauri. Ta kashe, ta sake kunnawa, kwamfutar ba ta ma san da katin ba. Ta ɗauki na biyun. Shi ma haka.

Ta fito tsakar gida. Lokacin akwai mata huɗu da suka zo gaisuwa daga Cadawa, dangin mijina marigayi, suna zaune a tabarma tare da Dija.

"Inna, don Allah, wani ya taɓa katunan nan bayan rasuwarsa?"

Matan suka juyo suna kallona. Na ji bakina ya ce, "Babu wanda ya taɓa."

Dija ta dube ni, ta mayar da kanta ƙasa.

Farida ta koma ɗaki. Da ta fito idonta ya yi ja. Ta ce tunda kati biyu suka mutu da zarar an ɗora gyaran, dole ta gargaɗi sauran masu aikin kada wani ya gwada ya ƙona nasa. Ta riga ta rubuta musu a wurin da suke tattauna aikin a intanet. Mutane ɗaruruwa ne ke karanta wannan wurin, a ƙasashe da yawa. Abin da ta rubuta shi ne a dakata da gyaran Zakariyya, ana zaton yana kashe kati.

Na ce mata Allah ya kyauta, na tafi na ɗora tukunya.

Kwana biyu ta yi a gidanmu tana neman kuskuren a cikin rubutunsa, layi bayan layi. In na kai mata abinci sai ta ce, "Na rasa gane shi, Inna. Zakariyya ba ya irin wannan gangancin. Ko zazzaɓin ya riga ya kama shi lokacin da yake rubutawa?" Ni kuma in ajiye kwano in fita.

Rana ta uku ina tankaɗen gari a madafa Dija ta shigo ta tsaya a kaina.

"Sannu da aiki, mai tsabta."

"Dija, ki fita idona."

"Ina zan fita in je? Yarinyar mutane idonta zai tsiyaye a kan allo, ke kina nan kina tankaɗe kamar ba ke ba. Kunyar matan Cadawa kika ji? Sun tafi tun jiya. Shi da aka ɗora wa laifin ba zai iya tashi ya yi magana ba."

Na gama garin, na wanke hannu, na daɗe a tsaye a ƙofar ɗakin kafin na yi sallama.

Na ce, "Ɗiyata, ƙarya na yi miki. Ni na wanke su. Da ruwa da sabulu."

Ta daɗe tana kallona. Ta ɗauko ƙaramin sukundireba ta kwance ƙarfen da ke saman katin. A ƙarƙashinsa akwai fari-farin busasshen sabulu da wani kore-kore kamar gansakuka. Ta kwance na biyun, ta ga irinsa. Sai ta dafe goshi ta saki wata ƴar dariya da hawaye a ciki.

"Inna, da kin faɗa mini tun shekaranjiya."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta zauna ta rubuta saƙo na biyu, ta fassara mini. Ta sa cewa an gano ruwa ya shiga katunan, gyaran ba shi da laifi. Na ce ruwa ba ya tafiya da ƙafarsa, ta rubuta cewa uwarsa ce ta wanke su, aka tambaye ta kuma ta ɓoye. Ta ce ba sai an kai nan ba. Na ce in ba ta faɗi yadda aka yi ba, wani zai ce abokiyarsa ce ke rufa masa asiri. Sai ta ƙara maganar wankin. Ta ɓoyewar ta ƙi sakawa, ni kuma ban matsa ba, kuma na san dalilin da ya sa ban matsa ba.

Bayan mako uku ta kira ni a waya. Wani mutum a can wurin masu ƙera katin ya gwada gyaran kwana goma ba tsayawa, katin bai sandare ba. An karɓa, da sunan Zakariyya.

Na tambaye ta ko za a iya goge saƙon farko, wanda ya ce aikinsa yana kashe kati. Ta ce a wurin nan ba a goge komai. Duk wanda ya nemi sunansa zai ga na farkon, sai ya gangara ƙasa kafin ya ga na biyun.

Na ce, "Kowa yana gangarawa?"

Ta ce, "Yawanci, Inna."