Motar da Ba Ta Jiran Cika

Lubabatu ta riga ta sa ƙafa ɗaya a cikin motar Kano, sai ta janye ta, ta koma gindin darbejiya ta tsaya da jakarta.

Sabo direba, ƙanin marigayi mijinta, ya leƙo ta taga. "Matar Yaya, ƙafar ce ta ƙi, ko tun yanzu kin fara raina motocin Wudil?"

Yau aka sa mata ranar dangwala yatsa a ofishin biza, kuma idan azahar ta wuce, ba wata rana sai bayan 'yarta Ikilima ta haihu. Cikin fari ne, a Landan, inda ba mai dafa wa yarinyar ruwan jego.

Da tare da mijin nata, Halliru, za su tafi. Ya ce shi zai riƙe mata hannu, tunda ya san gari. Sai ya riga ta wata tafiyar, kuma ba ta daɗe da fita takaba ba.

Sanin garin nasa kuwa, ba wanda bai ji labarinsa ba a tashar nan, inda ya tsufa yana kamasho. Zuwansa Landan ɗaya. Ya fita shi kaɗai zai je masallacin Juma'a, sai ga doguwar bas mai bene da mutum uku kacal a ciki. Ya ce wa ransa wannan kafin ta cika an idar da salla, ya koma ya zauna. Ta rufe ƙofa ta tafi. Ta biyu ma haka. Sai da wata ta zo maƙil ya ce yauwa, ga mai shirin tashi. Ya shiga ya yi wa jama'a sallama, ba wanda ya amsa. Da aka zo wurin saukarsa ya buga jikin mota, ya ce akwai, ya ƙara bugawa, direba ko waiwaye. Ashe wani jan maɓalli ake dannawa. Sai a ƙarshen layi surukinsa ya je ya ɗauko shi, a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Har ya bar duniya yana mitar direbobin can, wai ba su san darajar mai ba.

Sabo ya fito ya tsuguna kusa da ita. A hankali ta gaya masa abin da ke ranta: idan mutumin da ya ƙare rayuwarsa a tasha ya ɓata, ina ga ita da ba ta karanta allon boko?

Ya ce ai sanin tashar ne ya ɓatar da Yaya. Ita da ba ta san komai ba, sai ta bi bayan Ikilima kamar tunkiya, duk abin da ta ga an danna ta danna.

"Tunkiya ce matarka," in ji ta. Dariya ta kusa ƙwace mata, ta sa bakin mayafi ta share ido.

"To taso. Jikan nan ba zai jira ki cika ba."

Ta shiga ta zauna a bayan direba. Mota ta cika, sai gurbi ɗaya a gefenta, wajen taga, inda Halliru kan zauna duk sanda za su Kano. Sabon ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya.

Sabo ya dubi gurbin ta madubi, ya tayar da mota.

"Ba ta cika ba, Sabo," in ji Lubabatu.

"A can ma haka suke tashi. Gara ki fara sabawa."

Ɗan kamashon ya biyo su da gudu yana bugun jikin mota, Sabo ko waiwaye. Lubabatu ta ɗora tafin hannunta a kan kujerar, ba ta ɗauke ba har suka haye gadar Wudil.