Inda Koren Fenti Ya Ƙare

Shekara goma sha tara ya yi yana zana layin titi, har sunansa na gaskiya ya ɓace a wurin aiki, kowa Farin Layi yake ce masa. Ya san kwaltar da ke riƙe fenti, ya san wadda ke tofar da shi tun ruwan farko.

Ranar da Injiniya, shugabar aikinsu, ta shimfiɗa masa takardar sabon aiki a kan mota, dariya ya yi. An yanki gefen babban titin da ya taso daga unguwanni zuwa kasuwa, an gina ɗan dakalin siminti tsakaninsa da motoci, an jera dashen itatuwa. Nasa aikin shi ne ya shafa koren fenti, ya zana hoton keke duk bayan taku ɗari.

"Ranki ya daɗe, wa zai hau keke a garin nan?" in ji shi. "Wanda ya gaji da ransa? Masu shago ne za su baje kaya a kai, ki rubuta ki ajiye."

"Kai dai zana," ta ce.

Ya zana kekuna sittin da huɗu, farare tas a kan kore. Daga nan aka mayar da shi wani ɓangaren gari, ya manta da zancen.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka ce ya koma, wai zanen ya goge. Abin ya ɓata masa rai. Fentinsa yana jure tirela shekara biyu, yanzu a ce ya goge a hanyar da mota ba ta bi? Ya ɗauka ruwa ne ya kwanta a wurin.

Ƙarfe bakwai na safe direban motar aikinsu ya ajiye shi a bakin titin. Ya sauke bokiti da burushi, ya juya zai kafa robobin tare hanya, sai ya tsaya da su a hannu.

Kekuna ne ke kwararowa, ba iyaka. Ga ma'aikacin banki da rigarsa a goge, ga 'yan mata uku a jere suna hira kamar a tsakar gida suke, ga dattijo da kwandon burodi a baya, ga wata da ɗanta a kujerar gaba yana gyangyaɗi. Wasu kekunan sababbi, wasu kuwa da gani daga ɗakin ajiya aka zaƙulo su, tsatsa har a ƙararrawa. Itatuwan da ya bari kamar sanduna sun yi kai, inuwarsu ta haɗe. Wani mai gyaran keke ya kafa benci a gindin ɗaya, mai kantin magani ya girka ƙarfen jingina keke a ƙofarsa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ƙarar: yana jin motsin sarƙa, yana jin dariyar mutane, a titin da ya san ba a jin komai sai hon.

Da ya samu 'yar tazara ya tsuguna ya duba zanensa. Ba ruwa ba ne. Tayoyi ne suka cinye shi, siraran tayoyin da faɗinsu bai wuce yatsa biyu ba, sun bi ta kai har sun lashe tsakiyar hoton. Ya shafa wurin da tafin hannu, sumul.

"Direba, zo ka gani," ya ce a hankali. "Ina mutanen nan suke da?"

"Suna nan mana," in ji Direba. "A cikin bas, kamar kifin gwangwani."

Sai wata ƙararrawa ta kaɗa a kansa.

"Kai, tashi daga hanya kar in bi ta kanka!"

Ya ɗaga kai. Yayarsa ce, tela a kasuwa, mai shekara hamsin da biyu, a kan baƙin keke da ƙunshin yadi a kwando.

"Yaya! Ke ce? Ke da ko tsallaka titi sai an riƙe miki hannu?"

"Da ba wanda ya raba ni da motoci," ta ce tana haki kaɗan. "Wata takwas ke nan ina hawa. Gwiwar ma ta daina damuna. Amma tunda na kama ka, biyo ni ka ga inda kuka yi rabin aiki."

Ta sauka ta tura keken, ya bi ta. A bakin shataletalen da ke gaban kasuwa dakalin ya ƙare, koren fentin ma ya ƙare, daidai inda shi da kansa ya ɗaga burushi a wancan lokacin. Ya tsaya yana kallo. Duk wanda ya iso layin sai ya ja birki ya sauka, babba da yaro, ba ɗan sanda, ba allon gargaɗi. Su tura kekunansu ta gefen shaguna, a takure, motoci na huci kusa da su. Shi a saninsa fenti kawai yake shafawa a ƙasa, ashe ɗaruruwan mutane ne ke hawa da sauka a kan inda hannunsa ya tsaya.

Nan take ya kira Injiniya. Bai iya dogon bayani ba, ya ce kawai ta zo gobe ƙarfe bakwai ta tsaya a bakin shataletale. Ta zo, ta tsaya minti arba'in, tana ta rubutu.

Sai da aka yi wata bakwai ana kai takarda ana dawowa kafin a gina dakalin ya zagaye shataletalen. Farin Layi ne ya shafa fentin, ya yi masa shafi uku maimakon biyu. Da ya janye robobin, Yaya ta wuce ta gabansa a kan kekenta, ta ɗaga masa hannu ɗaya, ta miƙe har ƙofar shagonta.