Abin da Mai Tsaron Ƙofa Yake Faɗa

...kuma wai in je in huta. Sati ɗaya kacal, in ji Auta, ita za ta zauna da kai. Ga jaka ta haɗa min, ga mota tana jira a waje. Wane irin hutu, Malam? Ni da ban ma sani ba ko ka san wadda take ba ka shayin nan...

Wata bakwai ke nan da ciwon nan ya shanye maka ɓarin jiki, ya kwashe Hausarka kaf. Abin da ya bar maka sai ɗan Turancin wurin aiki. Shekara talatin kana tsaye a ƙofar otal, jar hula, farar safar hannu. Welkam. Tankiyu. Sori.

Ni da ban taɓa zama a aji ba, yau ga ni da furfurata ina haddar Turanci! Auta ce malamata: welkam, sannu da zuwa, sori, yi haƙuri. To, na ji. Amma likita welkam, mai gyaran famfo welkam, ni ma welkam — ni da na haifa maka shida? Wallahi ranar farko kicin na shige na sha kuka. Baƙuwa ka mai da ni?

Sori kuwa na tsane ta. In ina canza maka zanin gado sai ka kau da kai — sori, sori. Haba! Wa ya ce ka yi laifi?

Na tuna wata rana can baya, ka dawo daga aiki, ƙafafu cikin ruwan ɗumi, kana ta ba ni labari... "Ke, tsaron ƙofa ma da sirrinsa. Baƙon da ban damu da shi ba, in zai fita, gudbai kawai. Wanda raina ya kwanta da shi, shi nake ce wa kam agen, wato ka sake dawowa." Na ce kai dai ka cika iyayi. Ka ce a shekara ba ka faɗinta sau goma.

Direba na danna ham. Auta na cewa Mama, rana tana yi. Na ji mana! Mayafi... ina ɗaya takalmin? Filo ya zame maka, bari in gyara.

Likita in zai fita, gudbai. Ƙaninka jiya, gudbai — sai da na toshe baki don dariya. Ni kuwa wata bakwai ban leƙa waje ba, ban taɓa jin nawa ba. Tsoro nake ji, gaskiya. In ka ce min gudbai fa?

Hannuna yana kan ƙofa. Bakinka na motsi, gefen da ya rage maka...

"Kam... agen."

Wayyo, Malam. Jakar nan ta yi min nauyi. In ajiye ta ne, ko... ai sai na fita tukuna kafin in dawo, ko ba haka ba?