Layin Sauka a Tasawa

Shekara biyu da samun mulkin kai, ranar buɗe cinikin gujiya, jirage uku suka haɗu a sararin Tasawa, ga filin sauka ɗaya tal. Inusa ke tuƙa na ukun, watansa shida da fara koyo, malaminsa Banasare na zaune a gefensa. Ƙa'ida ita ce kowa ya bi bayan na gabansa, a yi ta zagaya filin har sauka ta zo kansa.

Can ƙasa cikin taron 'yan kallo Inusa ya hango jar hular mahaifinsa, Malam Gado, wanda ya taso takanas daga Korgom. Sai zuciya ta ɗebe shi, ya yanke zagayen don a ga shi ne ya fara sauka. Bai lura da ɗaya daga cikin jiragen da ke gabansa ba, wanda ya zo ɗaukar majinyaci, yana can ƙasansa. Malamin ya fizge sandar tuƙi, wancan jirgin ya kauce da ƙyar.

Su suka sauka a ƙarshe. Inusa ya je ya durƙusa gaban tsohon, yana fatan mutumin ƙauye bai gane komai ba. Ya manta shekara ashirin Gado ya yi yana tsaron layin jakuna da raƙuma a wurin awon gujiya, ko ɗan sarki bai taɓa tsallake kowa ba.

Gado bai ko dube shi ba. Ya wuce wurin matuƙin wancan jirgin, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Ban san jirgi ba, amma na san layi. A yi haƙuri, daga gidana ya fito."