Jan Ruwa a Gindin Madatsar Marbeth

Loretta Vandiver ba ta nemi aikin rubuta tarihin Tafkin Marbeth ba, ɗora mata aka yi. Ita ce sakatariyar ƙungiyar masu gidaje, mijinta ya rasu bara, kuma a wurin mutanen tafkin nan, matar da ta rasa miji lokacinta ya zama na kowa. Tafkin zai cika shekara sittin ranar bikin 'yancin kai, ana son ɗan littafi mai hotuna da za a raba. Aka jibge mata kwalayen tsofaffin takardu a falo, kowa ya kama gabansa.

Labarin kansa ba wanda bai sani ba. Wani Clement Ashby ya sayi kwarin daga hannun manoma, ya tare rafin da tudun ƙasa, ya haɗa sunan matarsa da na 'yarsa ya laƙaba wa tafkin. Ya yanka filaye ya sayar, ya danƙa wa masu gidaje tafkin har da madatsar, ya tattara ya koma Florida. Loretta ta karanta takardun taron shekara da shekaru. An yi faɗa kan karnuka, an yi kan gudun jiragen ruwa, an taɓa yin wata biyar ana gaba kan launin fentin akwatunan wasiƙa. Madatsar kuwa, wadda ke riƙe da ruwan gaba ɗaya, da ƙyar ta ga an ambace ta. Wannan ya tsaya mata a rai, domin 'yarta Shawna da jaririnta suna ɗaya daga gidaje shidan da ke gindin madatsar, waɗanda masu gidajen bakin ruwa ke kira 'yan ƙasa, wato na gangare.

Saura mutum ɗaya a raye cikin waɗanda suka gina ta, tsoho Orval Tackett, wanda ya tuƙa katafila yana saurayi. Kowa Kawu yake ce masa. Ta same shi a gidan tsofaffi ta ce ta zo neman labarin da za ta sa a littafi.

"Labari? Ai sai ki rubuta Ashby ɗan gaggawa ne," in ji shi. "Ƙasar da ya kamata mu daddanne sau shida, sau biyu muka bi ta kai. Har yanzu ruwa na tsattsafowa ta baya, wajen itacen nan?"

"Tun ina yarinya yake yi, Kawu."

"Fari ne?"

"Ban taɓa lura ba."

Tsohon ya kama hannunta, dariyar ta ɓace daga fuskarsa. "To je ki lura, 'yata. In fari ne, ruwa ne kawai ke wucewa. Ranar da ya yi ja, ƙasar madatsar yake ɗauka, daga ciki take cinyewa. In kin ga haka kada ki tsaya neman kowa. A buɗe bututun ƙasa a rage tafkin, a kwashe mutanen gindi."

Daga nan ba ta koma gida ba. Ta ajiye mota bayan gidan Shawna ta kutsa cikin ciyawa da takalmin fita. Ruwan da ta sani yana ɗiga yanzu gudu yake, kaurinsa ya kai hannun mutum, launinsa kamar shayi da madara. Ta tara tafinta, da ruwan ya tsiyaye sai ga laka kwance.

Ta buga wa hukumar da ke duba madatsu waya. Aka ce injiniya zai zo ranar Talata, in da hali su fara rage ruwan. Biki kuwa Asabar ne.

Shugaban ƙungiya, Dwight Hocker, ya kira taro ranar Alhamis da safe don kawai ta matsa. Ta ajiye kwalbar jan ruwan da ta ɗebo a kan tebur ta faɗi abin da Kawu ya ce.

"Kawun da ya ce min Ashby, mutumin da ya daɗe a kabari, ya zo gaishe shi makon jiya?" in ji Dwight. Aka kwashe da dariya. "Loretta, an yi ruwan sama Litinin, dole ruwa ya yi ja. In muka rage tafkin nan, jiragen mutane a kan taɓo za su yi fareti? Jikokina tun daga Ohio suke tafe."

"Dwight, akwai mutane a gindi."

"Shekara sittin suna gindi, ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba. Tarihi muka ce ki rubuta mana, ba tashin alƙiyama ba."

A ƙa'idar ƙungiya kowane fili ƙuri'a ɗaya, filayen bakin ruwa kuma su ne da yawa. Aka ɗaga hannu, aka ce a bari sai bayan biki. Wata maƙwabciya ta dafa kafaɗarta ta ce zaman kaɗaici ne ke damunta, ta riƙa fitowa cikin mutane.

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne Shawna ma hakan ta ɗauka.

"Ku zo gidana ku kwana huɗu kawai," in ji Loretta. "Don Allah."

"Haba Mama! Yaron nan haƙori yake fitarwa, in ya bar gadonsa ba mai barci. Ke fa tun rasuwar Baba ko tukunya ta yi ƙara sai ki ce gobara ce." Ta rungume ta tana dariya. "Ranar Talata injiniya zai zo ya ce miki ba komai, ki huta."

Asabar da hantsi Loretta ta sake zuwa. Ruwan ya ninka, ya haƙa wa kansa hanya, ciyawar da ke samansa ta lotsa. Motar Shawna ba ta nan, ta je kasuwa. Loretta ta bar mata saƙo a waya, ta bi sauran gidajen tana buga ƙofa, duk sun tafi wajen biki. Ta koma gida ta zazzage akwatin makullan ƙungiya har ta sami wanda aka rubuta wa "hasumiya". In za su kore ta daga ƙungiya, su kore ta.

Rana ta take sa'ad da ta hau siririyar gadar da ke kaiwa hasumiyar da ke cikin ruwa kusa da madatsar. Can tsakiyar tafki jirage sun jeru da tutoci, kiɗa na tashi, ƙamshin gasasshen nama ya cika iska. A saman hasumiyar akwai wani ƙarfe kamar sitiyarin babbar mota, shi ke buɗe bututun. Ya sha shuɗin fenti sai sheƙi yake, domin al'ada ce duk sabon shugaba ya yi masa fenti a ɗauke shi hoto. Hotunan suna cikin kwalayenta. Ba ta ga hoton wanda ke juya shi ba.

Ta cire kwaɗon da aka kulle shi da shi, ta zare sarƙar da ke ɗaure da shi, ta kama da hannu biyu ta tattara iya ƙarfinta. Sai ya juya sakayau har ta kusa faɗuwa. Ta sake juyawa, ya ci gaba da wulwulawa shi kaɗai. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi. Sandar da ya kamata ta sauka cikin ruwa tsatsa ta cinye ta, ɗan guntu ne kawai ke lilo.

A nan durƙushe ta hango wani kofin takarda da iska ta kawo daga wajen biki. Yana kewaya a wuri ɗaya dab da jikin madatsar, a hankali, sannan da sauri. Ruwan ya yi ɗan rami a tsakiya, ya haɗiye kofin. Ya riga ya huda hanya ta cikin madatsar.

Ba ta san lokacin da ta tsallake gadar ta hau kan madatsar ba. A ƙasa, ga motar Shawna ta dawo. Ga Shawna a tsakar gida, yaron a kwankwasonta, tana kwashe shanya da hannu ɗaya. Loretta ta buga waya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, wayar Shawna tana can cikin ɗaki. Ta ƙwala kira, kiɗan jirage ya danne muryarta. Ƙarƙashin takalminta ƙasa ta yi wani irin motsi mai laushi.

"Shawna! Ki gudu! Ki hau tudu!"

Ta ɗaga hannuwa biyu tana kaɗawa, tana nuna tudun da ke gefen hanya, hawaye na zuba. A lokacin Shawna ta ɗago kai ta gan ta. Ta yi murmushi, ta ajiye kwandon kayan, ta juyo da yaron, ta kama ɗan hannunsa tana ɗaga wa kakarsa.