Inji Mai Murya Ɗaya

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, kuma ban taɓa sayen ƙaramin abu ba alhali ga babba a gefensa. Haka na gaya wa 'yata Suweiba tun muna cikin jirgin ƙasa daga unguwarmu Morrisania.

An ba ta aikin haɗa sauti a wani fim na 'yan makarantarsu, ƙarar iska da kukan dodo da irin wannan shirmen. Wai sai da wani inji mai suna sintesaiza. Na rantse ni zan saya, ni kuma zan zaɓa. Ta ce in na ɗauko wanda bai yi ba, wata za a ba aikin.

Shagon yana wani lungu bayan Canal Street. Mai shi Kofi ne, mutumin Kumasi, Hausarsa ta Zango. Ina shiga na hango nawa: baƙi, dogo kamar gadon asibiti, haƙoransa farare jere reras. Na dafa shi na ce a naɗe.

"Baba, wannan fiyano ne," in ji Suweiba. "Sautin da aka zuba masa kawai yake maimaitawa. Ni wanda zan ƙera sautin da kaina nake so."

Ta nuna wani ɗan mitsitsi, bai kai katakon da nake sara nama a kai ba, duk jikinsa maɓallai kamar ƙuraje.

"Me ya iya?"

"Maigida, wannan murya ɗaya yake yi a lokaci guda," in ji Kofi. "Ka danna biyu, ɗaya za ka ji."

"Murya ɗaya! Kai Kofi, ka ji tsoron Allah. Ko ragon da nake yankawa ya fi shi baki. Naɗe babban."

Idon Suweiba ya kawo ruwa. Sai ta sa hannu a kan ƙaramin kamar mai sallama da shi. Ta murɗa wani abu, ta danna, ta tura wata 'yar taya da babban yatsa. Sautin ya taso daga ƙasa, ya miƙe sama, ya lanƙwaso ya sauko.

Tsigar jikina ta tashi. Wallahi kalangu ne. Haka makaɗin mahauta yake matse tsarkiya a hammata fatar ta yi magana.

"Ke! Sake yi!"

Ta sake.

"Ce masa ya kira sunana."

Ta dube ni kamar na zautu, amma ta laluba, ta tura tayar. Injin ya ce *Kaa-di-rii*, har da jan wasalin ƙarshe. Na buga ihu.

"Sa shi ya ce na Tahiratu, mai wuƙa ba ta kwana!"

Na rera mata, ta bi ni a hankali. Sau biyu injin yana kuskure, yana faɗin abin da ba zan maimaita a gaban yarinya ba, Kofi ya kwanta a kan tebur don dariya. A na uku ya faɗa daidai. Ban san lokacin da na cire hula na shiga taka rawa tsakanin akwatuna ba, da tumbina da komai. Wani Bature mai gwada jita ya tsaya yana tafa mini.

"Kofi, babban fa? Ya iya?"

Ya danna. *Tin, tin, tin.* Kowace murya tsaye ƙiƙam, ba mai gaida 'yar'uwarta.

"Bebe ne," na ce. "Ƙaton banza."

"Amma Baba, ka rantse kai za ka zaɓa," in ji Suweiba tana murmushi.

"To wa ya zaɓa? Ni na zaɓa! Naɗe ƙaramin."

Suweiba ta rungume ni, ta rungume kwalin, ta rasa wanda za ta saki. A bakin ƙofa na ja ta gefe.

"Dodon fim ɗin naku, shi ma wannan zai yi masa kuka?"

"Har wanda ya fi dodo, Baba."

"To ki yi musu dodonsu da rana. Ranar Asabar kuma ki kawo shi shago, akwai habaicin da nake so ya yi wa abokin wasana Rashidu mai kifi."